Wayar da Aka Kwance wa Ƙulli

A layin masu gyara, tsakanin rumfar mai walda da shagon tela, akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya. In ka leƙa ciki, sai ka gama ganin rediyoyi kafin ka ga mutum. Sun hau kan juna har rufi: wasu ba murfi, wasu masu su sun manta da su, wasu kuwa masu su sun riga mu gidan gaskiya. A tsakiyarsu, bayan wani tebur da ɗigon dalma ya ɓata wa fuska, nan Likita yake zama.

Ba likitan mutane ba ne. Yana saurayi ya tayar da wani rediyo da aka riga aka fid da rai da shi, mai rediyon ya fita layi yana cewa yau ya ga likita, sunan kuwa ya manne masa har ya danne na gaskiya. Daga rediyo ya koma kaset, daga kaset ya koma talabijin mai ƙaton baya. Da zamani ya juya, marasa lafiyarsa suka zama fitilun caji, fankoki da injinan markaɗe. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa rasa na cefane ba. Kowa ya san hannunsa yana da kyau. Bakinsa ne ba daɗi.

Abu guda ne ba ya yafewa: mutum ya jona na'ura da adaftar da ba tata ba. In aka kawo masa abin da ya ƙone ta wannan hanya, ba ya ko taɓa shi sai ya sauke tabarau kan hanci ya dubi mai shi.

"Ka auna?"

"Ai bakin ya shiga daidai, Likita."

"Yatsanka ma zai shiga soket daidai. Ka taɓa sa shi?"

Yana da dalili. Bakin adafta, ɗan ƙarfen nan mai rami, yana da ciki da waje. A yawancin kayan yanzu, ta ciki wuta take shiga. A wasu tsofaffin rediyoyi kuwa a juye take, ta waje take shiga. Baki iri ɗaya, ƙarfin wuta iri ɗaya, ido ba ya rabe su sai an sa mitar auna wuta. In ka jona juyayyiya a na'urar da ba tata ba, kafin ka ƙifta ido ta gama ɓarnarta. A ƙarƙashin teburin Likita akwai kwali cike da adaftoci, kuma da yawa a ciki shi da kansa ya juya musu waya saboda tsofaffin rediyoyinsa, don haka rubutun da ke bayansu ma ƙarya yake yi.

Maƙwabcinsa mai walda ya mai da shi abokin tsokana tun suna da baƙin gashi. Kowace safiya, kafin ya kunna injinsa, sai ya ɗaga murya ta bayan langa-langa.

"Likita, yau wa za mu binne?"

"Kai dai ji da ƙofofin da kake liƙa wa mutane da miyau."

Ɗa namiji guda Likita ya haifa, bayan mata biyu da suka yi aure nesa. Layi na kiransa Ƙaramin Likita, daga baya aka gajarce zuwa Ƙarami, ko da yake ya kere uban tsawo. Ya yi makarantar koyon aikin lantarki, ya dawo ya ja kujera gefen teburin ubansa. Hannu irin na uban ne, amma shi yana dariya da masu kawo gyara. Shi ne wata rana ya gaji da auna adaftocin kwalin nan ɗaya bayan ɗaya, ya zazzage su ƙasa, ya ware juyayyun, ya yi wa kowace ƙulli guda a jikin waya, kusa da baki.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Likita.

"Alama ce, Baba. Mai ƙulli juyayya ce. Ko cikin duhu ka sa hannu za ka sani."

"Ƙulli yana karya waya. Mita me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Yatsa dai ya fi ta sauri."

Likita ya yi tsaki ya ce wannan lalaci ne. Amma yau da gobe yatsunsa suka koyi abin da bakinsa ya ƙi. In ya zaro adafta daga kwali, sai babban yatsansa ya bi jikin waya har baki. In ya ji sumul, ya jona. Ya daina auna na cikin kwalin nan, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ya daina ba, har kansa. Masu kawo gyara dai ba su daina shan "ka auna?" ba.

Matar da Ƙarami ya aura sana'arta bandar kifi. Da ya same ta, wuni take yi a bakin murhu da mafici a hannu, tana hura garwashi tana ragewa, idanunta kullum jawur. Bai daɗe da aurenta ba ya sa mai walda ya ƙera mata wani akwatin ƙarfe kamar kabad, mai ragogi hawa-hawa da wurin gawayi a ƙasa. Sai ya samo wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai ɗan gilashi a fuska da madannai huɗu. Tsinken ƙarfe yana fita daga jikinta ya shiga akwatin ya ji zafi, ita kuma ta umarci wata 'yar fanka ta hura gawayi ko ta tsaya. Na'urar ba ta san kifi ba, sai da ya koya mata. Ya yi makonni yana tsugune a bayan gida, yana ƙona kifi yana ci, matar tana yi masa dariya, har ya samu yadda ake so: zafi kaɗan da farko har ruwa ya tsane, sannan ya hau, sannan ya sauka a hankali. Na manyan kifi daban, na ƙanana daban, na lokacin damina da iska ke da laima daban. Duk ya adana su a cikinta. Ya kuma sa in an kunna ta, kafin ta nuna lamba, sai ta rubuta: SANNU DA AIKI, GIMBIYA.

Ciwon da ya ɗauke Ƙarami bai ba da lokaci ba. Da masu ta'aziyya suka watse, Likita ya koma shago don gida ya yi masa faɗi. Ya ɗauki ƙarfen dalma ya ajiye. Ya buɗe rediyo ya rufe. Hannunsa yana neman abin yi, kansa ba ya son tunani, sai ya jawo kwalin adaftoci tsakanin ƙafafunsa. Wayoyin sun sarƙe da juna. Ya zauna yana warware su, yana kwance duk abin da ya ɗaure, yana miƙar da kowace a kan gwiwa, ya naɗe ta tsaf ya sa mata roba. Wuni ya bi wuni yana wannan. Bai ga ƙulli a matsayin alama ba. Abu ne dai da ya ɗaure, shi kuma yana kwancewa. Mai walda ya leƙo ya ce shago ya yi kyau, ya tsaya jim, ya koma. A kwanakin nan bai tambayi wa za a binne ba.

Surukar ba ta koma gidan iyayenta ba. Ta ci gaba da zama a ɗakin da ke bayan layin, ta ci gaba da banda, kuma duk safiya na'urar tana gaishe ta.

Ranar da abin ya faru, hantsi bai yi ba ta shigo shagon da na'urar naɗe a ƙyalle. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye ta a gefen tebur, ta zaro adafta da wayarta a tsinke.

"Ɓera ne, Baba. Ga kifi na can kan ƙanƙara, na yi wa masu shi alkawari."

"Ba na ce a daina barin waya a ƙasa ba?" Ya juya adaftar ya karanta bayanta. "Mai ƙarfin wuta sha biyu ce. Wannan ba wani abu ba ne, ɗiyata. Yanzu za ki tafi."

Ya sa hannu a kwali ya zaro wata mai sha biyu. Ya cire robar. Babban yatsansa ya bi jikin waya har baki, ya ji sumul. Mita tana nan dab da gwiwar hannunsa, wayoyinta ja da baƙi a kwance a kan tebur. Ya jona.

Ƙarar ba ta kai ta tsagewar gyaɗa ba. Ɗas. Wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen madannai, ya miƙe, ya ɓace. Gilashin bai ko ƙifta ba. Warin da Likita ya fi sani a duniya ya cika shagon.

Ya fizge wayar. A lokacin ne ya ga abin da yatsansa bai ji ba: kusa da baki, wayar tana da 'yar lanƙwasa, irin wadda ƙulli ke bari in ya daɗe a wuri. Ya san ta. Ya san hannun da ya ƙulla, ya san hannun da ya kwance.

"Ni ce, Baba," in ji surukar a hankali. Ba ta ɗago kai ba. "Jiya da na ga wayar a tsinke na murɗa ta da kaina, na naɗe da leda na gwada. Ba ta kama ba. Ashe lalata ta na yi. Ka yi haƙuri, na san ka hana."

Likita ya san wannan murɗawar ba ta yi komai ba. In da ta yi, da tun jiya hayaƙin ya tashi, a hannunta, ba yanzu a nasa ba. Maganar tana kan harshensa, gajeriya ce. Sai ya ji ƙafarsa tana tura adaftar ƙarƙashin tebur.

"Bar ta a nan," ya ce. "Zan duba."

"Abin da marigayi ya sa a ciki fa? Ba zai goge ba ko?"

"Na ce zan duba."

Ta naɗe ƙyallenta ta fita. Ko da ta wuce, muryar mai walda ta taso ta bayan langa-langa, shi da bai daɗe da komawa tsokanarsa ba.

"Likita, na ji wari. Wa ka kashe da sassafe haka?"



Likita ya kwance sukurori huɗun da ke baya ya ɗaga murfi. Ɓarnar a fili take, kamar sawun ɓarawo a ƙasa mai laima. Diyod ɗin da ke bakin shigar wuta, wanda aka sa don ya tare irin wannan, ya tare har ya tsage. Kwandensa, 'yar gwangwanin da ke tara wuta, ta kumbura ta fashe ta kai, ta watsa 'yan zare-zarenta. Ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku da ke rage ƙarfin wuta kafin ta isa ciki ya yi huda a tsakiya. Siririn layin tagulla da ya haɗa su ya ƙone ya tashi daga kan allo kamar ɓawon gyambo. Duk waɗannan ba su dame shi ba. Yana da irinsu a cikin gawarwakin da suka cika shagon. Abin da yake tsoro yana can gefe: wani ɗan mitsitsin abu mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba. Nan na'urar ke ajiye abin da aka koya mata.

Ya fara da na waje. Ya narka dalma ya cire matattun da matsefata, ya goge gurbinsu, ya dasa wasu. Layin da ya ƙone ya ɗinke shi da zaren waya guda.  Da ya gama ya ɗauko wata adafta, ya sa mita, ya auna, ya sake aunawa, kamar yaron da aka tsawatar wa. Ya jona.

Gilashin ya kawo haske.  Sai wasu baƙaƙen murabba'ai suka jeru a kai, suka tsaya, ba su zama harafi ba. Ya ɗora ɗan yatsa a kan mai ƙafa takwas. Zafi.

Ya sake bin ƙafafunsa da dalma ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ya san ba nan matsalar take ba. Ya bar shi ya huce ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya cire shi, ya naɗe a takarda, ya rufe shago da rana tsaka, abin da layin bai saba gani ba, ya tafi kasuwar wayoyi wurin wani mai gyara da ke da injin karanta irin waɗannan. Mutumin ya san shi. Shekarun baya ya taɓa shan faɗansa a kan wata caja, amma ya miƙe ya ba shi kujera. Ya ɗora abin a inji, ya daɗe yana kallon kwamfuta, ya girgiza kai.

"Babu komai a ciki da zai fito, Likita. Ya mutu murus. A juye aka ba shi wuta ko?"

"Haka ne."

"Mutane ba sa ji. Wane gwanin ne?"

"Wani ne," in ji Likita.

Ya karɓi sabo, wanda ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba, ya dawo ya dasa. Na'urar ta tashi lafiya lau. Fanka tana juyawa, tsinke yana jin zafi, madannai suna amsawa. Da aka kunna ta, lamba kawai ta nuna. Ya mayar da murfi ya ɗaure, ya sa ta a aljihun tebur ya tura. Ta kwana nan, ta sake kwana, ta ƙara. Duk wanda ya kawo gyara a kwanakin nan an ce masa ya dawo.

Wata safiya matar Likita ta ajiye masa shayi, ta ga bai taɓa ba har ya yi fata a sama. Ta zauna a bakin gado tana kallonsa.

"Jiya na leƙa yarinyar nan," ta ce. "Ta koma mafici. Idanun nan kamar an zuba barkono. Cewa take ita ta ƙona abin da marigayi ya bar mata. Don Allah in ka je kada ka ɗora mata wannan ka-auna ɗin naka, abin da ke ranta ya ishe ta."

Ya juya kofin a hannu.

"Ba ta gyaru ba ne?"

"Ta gyaru."

"To me take yi a shago?"

Matar ta san shi tun yana da rediyo biyu kacal a shagonsa. Ta dube shi da kyau, ta ga yadda yake kallon ƙasan kofi, sai ta ɗauke kai kamar wadda ta shigo ɗaki ta tarar da mutum yana sa riga.

"Sha shayinka, Malam," ta ce. "In ka gama ka je. Ba zan raka ka ba."

Da la'asar ya je. Na'urar tana hannunsa a cikin leda, juyayyar adaftar kuma tana aljihun rigarsa tana bugun cinyarsa duk taku. Ya tarar da surukar a bayan gida, tsugune a bakin akwatin ƙarfen, ƙofar gawayi a buɗe, tana fifita. Ta miƙe da sauri ta goge ido da bayan hannu, ta juyo masa da bokiti ya zauna. Bai zauna ba. Ya rataye na'urar a ƙusar da Ƙarami ya kafa mata, ya zura tsinke a raminsa, ya haɗa fanka. Ya zaro mita ya auna sabuwar adaftar a gabanta, sannan ya jona.

Gilashin ya kawo haske ya nuna lamba. Fanka ta fara hurawa, garwashi ya yi ja.

Ta tsaya tana jira. Ya ga leɓunanta sun shirya karanta abin da suka saba.

"Ba ta gaishe ni ba," ta ce, tana ƙoƙarin yin dariya.

"Ba za ta ƙara ba. Abin da ke ciki ya tafi, duka. Na kai inda ake karantawa, ba a samu komai ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗora mafici a kan akwatin, ta ɗauke, ta rasa inda za ta sa shi. "Da na bari ka zo ka duba tun farko," ta ce. "Hannuna ne ba ya jin magana."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da adaftar. Ya miƙa mata, ba ta karɓa ba, sai ya riƙe ta a tsakaninsu, yatsansa a kan lanƙwasar.

"Ba ke ba ce. Abin da kika murɗa bai taɓa ta ba. Wannan ce, juyayya ce, ni na jona ban auna ba. Kin ga nan? Ƙulli ne a da. Shi ya ƙulla, don in riƙa ganewa. Bayan rasuwarsa na zauna na kwance su duka." Ya shafa lanƙwasar. "Tun kina tsaye a shagon na sani."

Hayaƙi yana fita ta bututun sama a hankali. A gidan maƙwabta wani yana wanke kwanuka. Ta zauna a kan bokitin da ta juyo masa, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta daɗe tana kallon wayar.

"Haka ya yi wa wata caja a ɗaki," ta ce. "Har na yi masa faɗa, na ce yana lalata waya." Ta ɗago kai. "Da ka faɗa mini ran nan, Baba."

"Da na faɗa."

"Tun ranar nake ba shi haƙuri."

 Mutumin da layi guda ke tsoron bakinsa ya tsaya a tsakar bayan gida da waya a hannu, yana kallon takalminsa. Ya so ta yi masa faɗa. Ya san ba za ta yi ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Can ya ce, "Gaisuwar, ana iya sake rubuta ta. Na ga wurin. Yadda take a da, harafi da harafi."

Ta girgiza kai tun bai rufe baki ba.

"A'a, Baba. In ka rubuta, taka ce. Bar ta haka."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ɗauka ta tafi ke nan, ya fara naɗe wayoyin mita. Sai ga ta ta fito da kofin ruwa, ta ajiye masa a kan bokitin ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Ta buɗe akwatin ta jawo raga guda, ta taɓa kifin da yatsa.

"Lambar farko na san ta, kullum ina ganinta," ta ce, ta faɗa masa. "Sauran ban taɓa kula ba. Shi ya sani. Sai dai mu gwada."

Ya durƙusa a gaban na'urar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya danna lambar. Suka tsaya, ita tana kallon kifi, shi yana kallon gilashi. In ta ce ruwa ya tsane, ya ƙara zafi. In ta ce ya isa, ya adana.  Ragar farko ta fito da baƙi a gefe, wutsiyoyin sun ƙone. Ta ɓantari kaɗan ta tauna.

"Ya yi yawa. Rage."

Ya rage.

Sai da suka yi ta gwaji kafin masu saye su daina cewa kifin ya canja, kuma na damina har yanzu ba su same shi daidai ba. Likita yana zuwa in an kira shi, ya danna abin da aka ce ya danna, ya sha ruwa ya tafi. Tana gaishe shi kamar da. Shi ne dai har yau yake amsawa yana kallon gefe.

Yana nan a layin, tsakanin mai walda da tela. Kwalin yana ƙarƙashin tebur. Ya zazzage shi ya bi adaftocin da mita ɗaya bayan ɗaya, kuma duk juyayyar da ya samu ya tarar da lanƙwasarta tana jiransa a wurin, ya mayar da ƙulli a kanta. Duk da haka yanzu yana aunawa, masu ƙulli da marasa shi.

Kwanan baya wani ya kawo masa fitilar caji tana warin ƙuna, ya ajiye a tebur yana sosa ƙeya, ya shirya shan faɗa.

"Wallahi bakin ya shiga daidai, Likita."

Likita ya sauke tabarau kan hanci ya dube shi. Mai walda har ya kashe injinsa don ya ji. Likita ya mayar da tabarau ya jawo fitilar gabansa.

"Yakan shiga," ya ce. "Zauna, bari mu gani."